Muryar Yaya Haruna a Tarho

Wata safiyar Talata, bayan tashin alhazan 1974, ina tsugune a ƙofar gidanmu na kwano a unguwar Sa'alaba ta Jidda ina carafke, garwar da aka aike ni ɗebo ruwa tana gefe ba ko ɗigo, sai ga maƙwabcinmu a guje ba takalmi. Babbar mota ta buge Yaya Haruna a kan kekensa yana dawowa daga aiki. Ko shurawa bai yi ba.

Shi ne babban wanmu, shi kaɗai ya yi boko a Sudan kafin mu ƙauro Jidda. A filin jirgi yake aiki, yana karanta labarin iska da gajimare da Turanci, a naɗa a faifai, matuƙa jirgi su bugo waya su saurara kafin su tashi. Faifan guda ne, da yanayi ya sauya sai wanda ke bakin aiki ya shafe tsohon ya ɗora sabo. Umma takan tsokane shi: "Kai da ba a ba ka mabuɗin sama ba, me kake gaya wa mutane?"

Mata sun cika tsakar gida da salati, ba a ma kawo gawa ba, Umma ta damƙi hannuna. "Yalla, tashi mu je, ke kika san lambar." Wallahi na ɗauka ta zautu. Muka ratsa lungu, muka wuce masu tallar gyaɗa da awaki masu cin kwali, har kantin wani Bayamale, mutumin Yaman, mai tarho. Na juya lambar. Sai ga Yaya, garau, a natse, har da ɗan gyaran muryar nan nasa. Tsigar jikina ta tashi. Umma, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, ta manna wayar a kunne. In ya kai ƙarshe ya koma farko, ita kuwa tana gyaɗa kai: "Na'am, Haruna. Na'am." Masu sayayya suka yi cirko-cirko.

Can sai layi ya yi ɗif. Ta ce in sake bugawa, na buga. Muryar wani ce daban, yana faɗin sabuwar iska. A nan Umma ta zube, a nan ta yi kukan farko.

Yau jikokina suna aiko min da murya a waya, suna mitar na ƙi goge ko ɗaya. Su yi ta yi. Fuskar Yaya tana nan a idona, muryarsa ce na nema na rasa.