Ƙullin Dangwali a Rigar Gwanjo

Ko me zan manta a rayuwata, ban da la'asar ɗin da na zauna warware wata shuɗiyar rigar sanyi a tsakar gidanmu na Ajilari. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini sai tsigar jikina ta tashi.

Ni saƙa ba sana'ata ba ce, jaraba ce kawai. Maigidana kan ce in aka ƙyale ni, har tukunyar miya sai na saƙa wa hula. Sabon zaren ulu na kanti kuwa bai cika yi mini ba, wanki biyu ya saki jiki. Don haka sai in shiga layin 'yan gwanjo in tsinto tsofaffin rigunan sanyi na saƙar hannu, in farke ɗinkinsu, in warware, in turara zaren a bakin tukunyar ruwan zafi har ya miƙe. Wadda ta koya mini wannan dabara maƙwabciyata ce, wata dattijuwa da duk layinmu ke kira Inna.

Asalin su Inna makiyaya ne. Rikicin nan ne ya koro su, ta shigo Maiduguri da 'ya'yanta mata, ba miji, ba shanu, ba kuma autanta, wanda ya fita kiwo da safen ranar da aka faɗa wa rugarsu. Tun daga ranar ba gawa, ba labari. Ƙanin mijinta ya daɗe yana matsa mata a yi wa yaron addu'a da sadaka irin ta mamaci, kowa ya huta. Ta yi ta ƙi, har dai a wannan makon ta gaji ta ce to. An sa ranar Juma'a, an ma auno geron gumba.

Ana saura kwana biyu ta shigo wurina, ta ce zaman ɗaki ya ishe ta. Idonta ya riga ya yi rauni, ta daina saƙa, amma tana son ta riƙe mini zare. Ina ja, tana naɗewa, muna hira. Na riga na raba rigar gida-gida, na fara da hannu ɗaya. Unguwar ta yi tsit irin na bayan la'asar, ko kukan akuya babu.

Ban yi nisa ba sai wani ƙulli ya wuce ta tsakanin yatsunta, inda mai saƙar ta haɗa zare da zare. Sai hannunta ya tsaya cak. Ta dawo da zaren baya, ta murza ƙullin, ta sake murzawa.

Na ce, "Inna, a yanke shi ne?"

Ta rufe ido, ta ce a hankali, "Ci gaba da ja, 'yata. Kafin ki kai gwiwar hannu za ki tarar da wani. Daga nan shuɗin zai ɗan yi duhu, don na farkon ya ƙare mini."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tata. Na ci gaba da ja, layi na bin layi, sai ga ƙulli. Bayansa kuma shuɗin ya yi duhu, kaɗan ne ƙwarai, in ba an faɗa maka ba ba za ka lura ba. Na daina dariya. Matar nan ba ta ga rigar ba sai yau, yau ɗin ma ba gani take sosai ba, ga shi tana faɗa mini abin da ke cikinta idonta a rufe.

"Kusa da bakin hannun na yar da ido ɗaya," in ji ta, tana nufin madaukin zare guda da ya zame daga tsinke. "Maraƙi ne ya kwance, na tashi kora. Da na dawo ban koma baya ba, na kama shi da allura."

Na duba. Yana nan.

Wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Na saki zaren ya faɗi kan tabarma, ya nannaɗe kansa. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ita kuwa ko gezau, sai ta miƙo mini ƙullin ta ce in duba da kyau. Mu 'yan birni ƙulli biyu muke yi mu datse. Nata kwantacce ne, da ɗan kunne a gefe, irin wanda ake yi wa dangwali, igiyar nan da makiyaya ke jera 'yan maruƙa a jikinta. Ta ce hannunta bai san wani ƙulli ba sai shi. Rigar autanta ce. Ita ta saƙa masa, da ita kuma ya fita kiwo ran nan.

"Ba ni jikin rigar," ta ce.

Nan ne gabana ya faɗi na gaske. Tun a kasuwa na ga wani gyara a ƙasan kafaɗar hagu, an cike wata 'yar huda da zaren buhu, na ce ƙusa ce ko ɓera. Sai yanzu da na ɗora gaban rigar a kan bayanta na ga hudar biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya, sun yi daidai da juna. Ulun da ke kewaye da su ya yi tauri, ya yi launin ƙasa, wanki bai fitar ba. Duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun nan ba sai an gaya masa abin da ke yin irin wannan huda ba. Na so in ɓoye, amma ta riga ta miƙo hannu.

Ta shafa gaban, ta shafa bayan. Ta sa yatsa a kan gyaran ta daɗe. Ina kallon fuskarta ina jiran ihu, har na fara tunanin wa zan kira. Sai ta juya gaban rigar ciki waje, ta bi zaren buhun da farce har inda aka ƙulle shi.

"Duba mini kunnen nan. Ina ya kalla?"

Na duba. Ƙullin dangwali ne shi ma, sai dai kunnensa ya juya, ba kamar nata ba. Na faɗa mata.

Sai Inna ta yi murmushi. Ban taɓa ganin murmushin da ya tsorata ni kamar wannan ba.

"Bahago ne," ta ce. "Na yi dukan, na yi faɗan, ya ƙi ɗaure maraƙi da dama." Ta rungume rigar a ƙirjinta. "'Yata, wanda ya mutu yana gyara rigarsa?"

Washegari muka shiga keke napep har wurin mai gwanjon. Ya juya rigar, ya ce, "Hajja, wannan ba ta cikin dila ba ce. Irin waɗanda mutane ke kawowa ne a buhu, daga sansani, daga ƙauyuka. Wallahi ban san fuskar mai ita ba." Inna ta yi masa godiya kamar ya ba ta adireshi.

Ran Juma'a ƙanin mijinta ya zo da malamai. Ina daga bayan katanga na ji ta tana cewa a dama gumbar a raba wa yara, sadaka ba ta ɓaci, amma duk wanda ya ce "Allah ya jiƙansa" a gidan nan, shi da ita. Ya ce, "Yaya, a kan ƙullin zare?" Ta ce, "Kai da ka yi kiwo, zo ka duba." Ya duba. Sai ya sallami malaman.

Ni kam zuciyata ba ta kwanta ba. Bahagon makiyayi ba ɗaya ba ne a duniya. Wani ma zai iya cire rigar daga jikin wanda ya faɗi, ya gyara, ya sa. Wannan tunanin ya hana ni sukuni, sau da yawa maganar kan zo har bakina, in haɗiye. Ta nemi in mayar da hannun rigar yadda yake, na mayar, na bar kowane ƙulli a inda ta sa shi.

Yaron bai dawo ba har Allah ya karɓi ran Inna. Amma shekarun da suka rage mata ta yi su ne tana cin abinci, tana tsokanar jikoki, tana cewa "in ya zo". Ko gaskiyarta ce, ko tawa, Allah kaɗai ya sani. Abin da na koya shi ne, warwara ba ta da wuya, ko yaro ka ba bakin zare zai iya. Amma in ka ga abin da mutum ya lulluɓa da shi yake rayuwa, kada ka ja masa zaren, matuƙar ba ka da wani da za ka saƙa masa.