Shekarar Da Na Aika Ɗan Ƙodago Gayya

Malam Edita, na karanta tarihin dauloli gwargwadon abin da ɗan makaranta zai samu, na ga waɗanda takobi ya rushe da waɗanda yunwa ta tarwatsa, amma har yau ban ga marubucin da ya ba kaza matsayin da ya kamace ta a jerin masifun duniya ba. Wannan giɓin nake so in cike. Roƙona ka ɓoye sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba, don waɗanda suka san labarin ba sa bukatar suna.

A shekarun da suka biyo bayan mulkin kai, tun muna lardi ba mu zama jiha ba, ni malami ne a wata firamare a Kontagora, mai gajeren wando da ya sha guga da doguwar safa. Ina da mata da jaririya, ina karatun jarrabawa ta hanyar wasiƙa, ni ne kuma mai rubuta wa rabin unguwarmu takarda kyauta. Ni kaɗai ne ɗa namiji a wurin mahaifina, manomi a wani ƙauyen Dukawa gaba da Tungan Magajiya. Duk hutun damina nakan cire safa, in hau motar Rijau, in je in ɗauki garma da sunan gidanmu. A wurinmu kowane gida yana ba da mutum ɗaya a gayya. Yau a taru a gonar wannan, jibi a ta wancan, a jeru kafaɗa da kafaɗa, makaɗi yana biye yana zuga na gaba, yana yi wa na baya ba'a, har a zagayo kan gonarka. Tun da ƙirjin tsohona ya fara damunsa, ni ne mutumin gidanmu.

Ana saura wata guda hutu aka tara mu malamai da akawuna a ɗakin taro, wai wani baƙo da ya yi karatu a Ingila zai yi mana lacca kan yadda ɗan ƙasa mai 'yanci zai kafa sana'arsa. Mutumin ya iya magana, ba zan zalunce shi ba. Ya ce duk wanda ya ce ba shi da lokaci ƙarya yake yi, sa'o'in da Allah ya ba Bature su ya ba mu. Ya ɗauki alli ya zana da'ira, ya yanka ta kamar ana rabon nama, ya nuna mana inda biki da suna da gaisuwar mutuwa suke cinye mu. Ya ce hidimar dangi ba ta ƙarewa, wanda ya ce sai ya gama ta zai fara, a makabarta zai buɗe kanti. Muka yi dariya, ni har da tafi. Da aka ba da damar tambaya na miƙe na ce ranka ya daɗe, mai tsoho a ƙauye fa, wanda noma ke jiransa? Ya yi murmushi ya ce abin da hannun wani zai iya yi, kada mai ilimi ya ɓata nasa a kai, a ɗauki wani ya yi. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu da jan biro, irin wanda nake ja wa yaro idan ya yi abin kirki.

Kiwon kajin turawa na zaɓa. Na kafa akurki a bayan gida, na ba da sautun 'yan tsaki daga kudu, aka ce za su iso a makon farko na hutu. Matata ta ce to gayya fa? Na ce mata na yi tsari. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, amma ba ta taɓa jin an aika wani ya ci wa mutum tuwo ba. Na ce ai shi ya sa aka yi makaranta. Na samo wani ƙato a bakin kasuwa, ɗan ƙodago da ya ninka ni ƙarfi, na sa shi a mota da wasiƙa zuwa ga mahaifina. Na yi wasiƙar da kyau, sakin layi uku, da gabatarwa da kammalawa. Na manta tsohon ba ya karatu, sai an kai wa wani ya karanta masa a gaban mutane.

Kwana uku sai ga ƙaton ya dawo. Ya ce Malam, mutanenka sun ba ni abinci, sun ba ni tabarma, sun hana ni garma. Wai babban gayya, wato shugabansu, ya ce su ba rashin hannu ne ya sa suke taruwa ba, suna so su ga gumin ɗan wanda suka sani, don gobe idan sun faɗi su san wanda zai ɗaga su. Ya ce ya ji wani dattijo yana tambaya ko ranar jana'iza ma ɗan ƙodago zan turo. Na ji haushi. Na ce wannan shi ne duhun kan da baƙon ya faɗa. 'Yan tsakin sun iso, ƙanana kamar auduga, suna son ɗumi da ruwa mai tsabta da ido a kansu kullum, aka kuma ce makonnin farko su ne rai ko mutuwa. Na ce bari su yi ƙwari, sai in je in yi wa ƙauye bayani a tsanake.

Abin da ya faru a can daga baya na ji, daga bakin mahaifiyata. An karanta wa tsohon wasiƙata. Washegari ya sauko da garmarsa ya tafi gonar da ake gayya, ya shiga layi tsakanin yaran da ya ga haihuwar iyayensu. Suka ce Baba koma gindin bishiya, mun yafe wa gidanka bana. Ya ce gidansa bai mutu ba da za a yafe masa. Aka fara, aka bar shi a baya nesa. Makaɗin nan da ba ya ƙyale kowa, wanda ya taɓa cewa ina riƙe garma kamar alli, ya duba ya ga wanda ke baya, sai ya sauke sandarsa ya yi shiru. Samarin suka rage gudu da gangan don ya kamo su. Mahaifiyata ta ce da ya dawo gida bai yi kukan ƙirji ba, shirun makaɗin ya yi ta maimaitawa, wai da ya zage shi da ya fi. Haka ya bi gona bakwai. A ta takwas ya faɗi a tsakiyar kunya, aka ɗauko shi a kafaɗa.

Direban motar Rijau ne ya kawo mini saƙo, ya ce an ce tsoho ba lafiya, in zo. Na tambaye shi ko jikin ya yi tsanani, ya ce shi direba ne ba likita ba, amma da ubansa ne da tuni ya hau. A ranar 'yan tsaki biyar suka mutu, sauran suna zawo. Na ƙara kwana shida. Na iya lissafi, na san shida ne.

Na same shi kwance a ɗaki. Tun ina yaro bai taɓa yi mini magana da wani harshe ba sai Dukanci, Hausarsa ta kasuwa ce da ta gaban alƙali. Ran nan da Hausa ya gaishe ni. Ya ce sannu da zuwa Malam, ya hanya, ya iyali, ya kuma kajin. Na amsa da Dukanci, ya ci gaba da Hausa, cikin ladabi, kamar mai karɓar haraji ne ya shigo. Na fara yi masa bayanin tsarina, cewa da riba ta zo zan kai shi asibiti, in saya masa shanun noma. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sa albarka, ya juya fuskarsa bango.

Da layi ya zo kan gonarmu, ƙauyen kaf ya fito, har waɗanda ba sa cikin gayyar. Na tuɓe riga, na ɗauki garmar tsohon na nufi layi. Babban gayya ya tare ni da fara'a, ya karɓi garmar daga hannuna ya miƙa wa wani, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa aka kawo kunu. Ya ce Malam ya sha hanya, ya huta. Na zauna daga hantsi har la'asar ina kallon mutane suna nome gonar ubana, ana kiɗa, babu wanda ya zage ni ko sau ɗaya. Tsohon bai ga girbin ba. Mahaifiyata ta ƙi biyo ni Kontagora, ta ce ta fi son zama inda za a ɗaga ta.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Mai lacca yana magana da ɗaki ne, bai san tsohonka ba, da yamma zai hau motarsa ya tafi. Da'irar da ya zana gaskiya ce, sa'o'in ba su ƙaru ba, amma bai gaya mana cewa wasu yankunan ba namu ba ne balle mu sayar. Akwai aikin da kowane hannu zai yi, akwai wanda fuskarka ake nema a wurin. Ku matasa da ake tarawa yanzu ana ce muku ku tashi ku fara, ku fara ɗin, ban hana ku ba. Amma kafin ku ja layi a ƙarƙashin maganar baƙo, ku zauna ku tambayi kanku wa zai shiga layi a madadinku idan ba ku je ba. Wani zai shiga, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa rauni a gidan, don shi ne ba zai yi ƙorafi ba. Kada ku yi abin da na yi, babu alheri a cikinsa.

Kajin dai sun rayu. Gidan da nake rubuto maka daga cikinsa, da kuɗin ƙwai na gina shi.