Tarun da Na Ce Nawa Ne

A lokacin ni direban gida ne a Riyad. Ban yi makaranta ba. Tuƙi na iya, sai kamun kifi da na gada a garinmu na bakin kogi. Ɗakina yana jikin garejin mota, abincina kuwa ragowa ce da 'yar aiki ke miƙo mini. Kafilina, wanda zamana a ƙasar ke hannunsa, ko sunana bai riƙe ba.

Da sanyi ya shigo, ya kwashi iyalinsa muka yi arewa, can bakin teku inda babu gida babu kanti. Wai hutu. Mutanen da ke da bene hawa uku, daɗin kwana a ƙasa suka tafi nema. Ni na kafa tanti, ni na hura wuta, ni na riƙa soka musu tsutsa a ƙugiya saboda ƙyanƙyami suke ji. Aikinsu hoto. Kifin da na kamo shi maigida ke ɗagawa yana yaƙe wa waya haƙora.

A dajin nan sai ya zama wani mutum. Ya ce in zo mu ci a faranti ɗaya, yana turo mini nama, yana kirana ɗan'uwa. A wurinmu, wanda kuka sa hannu a kwano ɗaya da shi ya wuce bare. Na ɗauka ko'ina haka ne.

Da ya gaji da ƙugiya, ya fito da taru daga bayan mota. Na ce masa masunta sun gaya mini an hana taru a wurin. Ya yi dariya, ya ce in jefa. Da hantsi masu gadin gaɓa suka iso. Maigida ya matso ya raɗa mini in ce tarun nawa ne, yana da mutane, kafin la'asar zai fito da ni. Na ce nawa ne. Masu gadin suka tafi da ni. Ta tagar motarsu na hango iyalin suna naɗe darduma, babu wanda ya waiwayo.

Bai zo ba. Da aka sake ni, na iske ya kai rahoto wai na gudu daga aiki, don kada sunansa ya shiga maganar. Igamata, wato takardar zamana a ƙasar, ta mutu daga nan. Yanzu a unguwar Gubaira nake, ina wankin mota a lungu, in na ji jiniya in lafe. Ban ga 'ya'yana ba tun lokacin.

Ba na ko tsine masa, bai kai ba. Mai tsoron tsutsa, ta yaya zai tsaya wa mutum? Na dai gane kirkin irinsu na hutu ne, tare da tanti ake naɗe shi. 'Yan'uwana direbobi, ku yi aikinku. Duk ranar da mai riƙe da takardarku ya raɗa muku ku ce naku ne, ku buɗe baki ku ce nasa ne.