Ƙoƙo Bakwai a Sabuwa

Ko na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da na sa Baba ya sha shayi ƙoƙo bakwai ba. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma duk Ƙanƙara ba wanda ya kai ni shirya zance.

Yayan Baba, wanda muke kira Baffa, shayi yake sayarwa a bakin kasuwar Sabuwa. Shekara tara ba sa magana saboda wata ɗorawa da ke iyakar gonakinsu na gado. Da aka gama girbi Baba ya ce zai je ya ba da haƙuri, ya tafi da ni.

A garinmu mai shayi kan sheƙa shi daga kofi zuwa kofi, hannu sama kamar zai tsinko gajimare, ya miƙo maka sau ɗaya shi ke nan. A Faskari kuwa, inda motarmu ta tsaya, da faranti aka haɗo mana, kowa na tsiyayawa a ciki yana zuƙa. Baba ya tafi alwala sai mai shayin ya ce mini, "Samari, a Sabuwa ƙoƙo za a ba ku. In kun ƙoshi ku kife shi, in ba haka ba ƙari za a yi ta yi muku."

Da Baba ya dawo na gyara fuska na ce, "Baba, an ce a Sabuwa wanda ya kife ƙoƙon shayi ya yanke zumunci ke nan. Wanda ya rage kuma ya raina mai shi." Dariya kawai nake nema. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗauka gaskiya ne.

Da la'asar muka iso. Baffa ya amsa sallama a taƙaice, ya cika ƙoƙo da shayi mai citta da madarar shanu, ya ajiye gaban ƙaninsa. Baba ya shanye. Baffa ya ƙara. Ya shanye. A na huɗu gumi ya jiƙa masa hula, a na shida na rantse ina jin shayi na kaɗawa a cikinsa kamar tulu a kan jaki. Nan dariyata ta tsaya.

A na bakwai Baffa ya dire buta. "Kai, randa ka zama? Kife ƙoƙon mana!"

"Yaya," in ji Baba, "ko butar za ka juye mini ba zan kife ba. Shekara tara ta ishe ni."

Nan na durƙusa na faɗi ƙaryar da na shirya. Baffa ya dube ni, ya dubi ƙaninsa, ya fashe da dariya har ƙwalla ta zubo masa. Ya murɗe mini kunne ya ce, "Ja'iri, ka kusa fasa mini ƙane." Sannan ya karɓi ƙoƙon ya goge, ya ajiye shi a buɗe can saman tebur, ya ce daga yau ba mai sha da shi sai Baba. Ba wanda ya sake ambaton ɗorawa.

A hanyar komawa sau biyar Baba ya tsayar da mota, direba har ya gaji da tsaki.

Tun ranar nake duba nauyin da mutum ya ɗauko a zuciya kafin in yi masa wasa. Nawa ya faɗi daidai, amma ba wayona ba ne, haƙurin Baba ne.