Rediyon 'yan sanda a ƙarƙashin dalbejiyarmu

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, ba zai ɗauke mini abin da maigidana ya jawo mana da wata rediyo ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci sabo.

Garin Managil ya je sayen takin hawasha, wato gonar da muke nomawa a bakin ruwan gwamnati, sai ga shi ya dawo da wata 'yar baƙar rediyo mai maɓalli a gefe, irin wadda ake magana a cikinta. Jihaz muke ce mata a nan. Wai a hannun wani mai gyara ya same ta da araha. Yana murɗa ta sai ga muryoyin 'yan sanda da na masu motar asibiti, tar kamar a tsakar gidanmu suke. Shi ke nan, gindin dalbejiyar ƙofar gida ya zama majalisa. Dattawa su taru da shayinsu suna sauraro, ni kuma ina ta hura gawayi.

Na ce masa, "Malam, wannan fa maganar hukuma ce. Ka mayar da abin nan inda ka samo shi."

Ya ce, "Ke Hajja, iska ce ta kawo maganar har ƙofata. Na saci iska ne?"

Mutum ne mai kirki, amma taurin kansa ya fi na jakin maƙwabcinmu. Kuma yana da wani hali da ya gada: bai taɓa jin sallama ya bar ta ta faɗi ƙasa ba. In aka yi sallama a rediyon sai ya amsa a fili. Da farko bai danna komai ba, muna dariya. Daga baya ya gano amfanin maɓallin.

Wata rana da hantsi, bayan ruwan sama mai ƙarfi, muka ji direban motar asibiti ya yi sallama yana tambayar hanyar da ba ta yanke ba wajen garin Wad Haddad. Malam ya san hanyoyin nan sarai. Ya danna, ya amsa sallama, sannan ya shiga gaisuwa irin tamu: ina gajiya, ina iyali, ina ruwa. Ya faɗi hanyar, ya sake faɗa da Larabci, ya ƙara da addu'a. Abokansa suna ta gyaɗa kai, wai ya yi aikin lada.

Kafin la'asar motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofarmu, suka tafi da Malam da rediyonsa.

Na bi su da mayafina a karkace. A ofishinsu babbansu ya ce laifi biyu ne: riƙe jihaz ba izini, da shiga layin ceto. Malam ya ce shi taimako ya yi, a tambayi kowa. Sai aka kira direban, wani saurayi da idanunsa suka yi ja.

Ya ce, "Baba, in ka danna, ba wanda ke jin kowa. Kana tambayar iyalina, ni kuwa ina da mutum a baya yana zubar da jini. Kuma hanyar da ka ce, da safe ta yanke."

Mutumin da ke bayan motar ya rayu, amma an yanke masa ƙafa. Ko jinkirin ne ko ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Alƙali dai bai saurari zancen kyakkyawar niyya ba, ya ɗaure Malam watanni. Dattawan shayi kuwa, ko ɗaya bai bi mu kotu ba. Ni da 'ya'yana mata muka yanke dawar shekarar, ina yi ina masifa ni kaɗai.

Da ya fito, kafin ya shigo gida sai da ya nemi ƙauyen mutumin da aka yanke wa ƙafa, ya je ya duba shi.

Abin da na koya shi ne, maganar da ba da kai ake yi ba, ko ta shigo har ɗakinka, ba taka ba ce. Kuma kirki in bai san wurinsa ba, wani ne yake biya da jikinsa.