Alayyafon Hajara

Na sunkuya zan tuge shi ke nan, 'yata Binta ta riƙe mini hannu.

Alayyafon marigayiya matata Hajara ne, mai jan kara da ƙananan ganye, irin da ta zo da shi daga garinsu Zandam. Na ƙi karɓar iri mai faɗin ganye da malaman gona suka kawo, amma maƙwabcina ya shuka, iska ta haɗa furensu. Bana sai ga ganye fala-fala a kan jan kara.

Na ce, "Wannan ba na uwarki ba ne."

Ta ce, "Baba, ni ma ba ita zalla ba ce, hancin nan naka ne. Tuge ni za ka yi?"

Na bar shi. Miyar ta yi auki, ɗanɗanon kuma na Hajara ne. Allah Ya jiƙanta.

Ku wane iri aka bar muku a gida?