Yayata Mai Rage wa Waya Surutu

Kullum da safe Yaya takan fita da jaka a kafaɗa da ɗan fulas na shayi, ta dawo da yamma idanu jajir. Haka na taso na gan ta, har zuwa wannan watan da ta yi ritaya daga kamfanin sadarwa. Amma a tsare ni a ce in faɗi aikinta, wallahi sai in hau kame-kame.

Inna dai ta daɗe da yanke hukunci: gyaran waya take yi. Duk maƙwabciyar da wayarta ta faɗa ruwa, wurin Yaya ake turo ta. Ita kuma ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Ki yi haƙuri, ki kai wa mai gyara a bakin titi."

Na taɓa bin ta ofis don in fita daga duhu. Ban ga waya ko ɗaya a kwance ba, sai kwamfutoci da farin allo cike da lissafi kamar tafiyar tsutsa. Ta ja ni bakin taga, ta nuna mini dogon ƙarfen sabis.

"Kin ga can sama? Eriya ce birjik. Kowace tana son sanin yadda wayarki ke jin ta, sai wayar ta yi ta aika rahoto: wannan ina jin ta rangaɗaɗau, waccan sama-sama. Eriya na ƙaruwa, rahoto na ƙara tsawo, har ya cinye hanyar da maganarki za ta bi. Mu aikinmu mu taƙaita shi."

Na ce, "To ku hana ta rahoton mana."

"Sai ƙarfen ya rasa inda zai nufa da saƙo."

"To ku ƙyale ta ta yi."

"Sai layi ya cushe."

Na dafe kai. Wani abokin aikinta mai sanƙo ya yi dariya, ya ce shekaru ta kwashe tana neman yadda waya za ta faɗi abin da ya canja kawai, ta yi shiru a kan sauran, kuma in aikin ya yi kyau babu wanda zai lura. Na koma gida a ruɗe fiye da yadda na fita. Wane irin aiki ne wannan da ba a ganinsa sai in ya lalace?

Bara Baba ya kwanta a asibiti, numfashi yana yi masa wuya, ga kunne ya yi nauyi. Likita ya ja mu gefe ya ce kada mu sa rai da yawa. Muka kewaye gadon, kowa ya yi magana sai ya bi ta da, "Baba, ka ji? Baba, ina ke ciwo?" Shi kuma bawan Allah ba ya ƙin amsawa. Ya ce "Na ji," ya yi haki, ya buɗe baki zai faɗi wani abu, sai wani ya sake jefo tambaya. Muna ganin akwai magana a bakinsa, mun rasa abin da ya hana ta fita.

Yaya ce ta ɗaga hannu. "Ku dakata. Numfashinsa kaɗan ne, kuna ƙarar da shi a kan 'na ji'." Ta sunkuya daidai kunnensa. "Baba, daga yanzu kada ka amsa wa kowa. In ba ka ji ba, ko jikin ya canja, ka ɗaga yatsa. In ba ka ɗaga ba, mun gane."

Ni kam raina ya ɓaci. A ce mahaifinka na kwance, a hana ka tambayarsa jiki? Amma babba ce, muka ja bakinmu. Can Baba ya tara numfashi, ya ce, "Ku kira min Baffanku. Ku ce ni na ce ya zo."

Ƙaninsa ke nan, wanda suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Washegari Baffa ya iso yana kuka tun daga ƙofa. Suka riƙe hannun juna, suka yafi juna a gabanmu. Bayan 'yan kwanaki Baba ya rasu.

Yaya, ke ce mai aikin ɓoye, mai sa magana ta sami hanya. Na tambaye ki ko abin ofis kika yi mana a asibiti, kika ce, "Kusan haka ne, amma ba haka ba ne," kika ƙara ɗaure mini kai. Har gobe ban gane lissafinki ba, kuma na haƙura.

Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki ci moriyar hutunki. Ku kuma masu karatu, ku yi koyi da ita, ku rage tambaya a inda wani ke ƙoƙarin yin magana. Mu da muke ganin mun fi kowa kula da Baba, da ba ta sa mun yi shiru ba, da ya tafi da maganarsa a ciki.